Labarin Gasar Foka Ta Intanet Da Cogen Da Aka Yi A Cikinta

Tun da aka fara caca a duniya aka fara coge. 'Yan caca sun san haka, shi ya sa ko ina suka zauna, ko bisa tabarma ko bisa tebur, idon kowa yana kan hannun mai raba karta. Ba su da alƙali, ba su da ɗan doka, idon nan shi ne tsaronsu. In mutum ya ɓoye karta cikin hannun riga, ko ya yi mata alama da farce, wata rana wani zai gani, a yi ta ta ƙare nan take. To, cikin shekara ta 1998 sai aka ɗauke wani wasan karta na Amurka daga kan tebur aka sa shi cikin intanet, inda ba mai ganin hannun wani. Daga ran nan amana ta tashi daga idon 'yan wasa ta koma hannun mai gidan caca. Yadda masu gidajen suka riƙe amanan nan shi ne labarin da ke tafe. Hukuncin caca kuwa a shari'ar Musulunci sananne ne, haramun ce ko da coge ko babu, tarihin abin kaɗai a ke nufi a nan.

Sunan wasan foka. Ita karta tsohuwar aba ce, ta shiga ƙasashen Turai tun cikin ƙarni na 14, amma foka a Amurka aka haife shi, wajen birnin Niyu Olins, a farkon ƙarni na 19. Daga nan ya bi jiragen ruwa na kogin Misisifi ya bazu. Tun a jiragen nan sunansa ya ɓaci, don akwai waɗanda ba su da sana'a sai hawa jirgi su tsiyata fatake da karta mai alama.

Ba za a gane cogen ba sai an san yadda a ke wasan. Irin foka da ya fi yaɗuwa shi ne wanda a ke danganawa da jihar Teksas. Karta 52 ce. A kan ba ko wane ɗan wasa biyu a rufe, shi kaɗai ya san su. Sa'an nan a buɗe biyar a tsakar tebur, uku tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ta ƙarshe, kowa ya haɗa su da biyun da ke hannunsa. Tsakanin buɗewa da buɗewa a kan zuba kuɗi. Wanda aka zuba wa kuɗi yana da zaɓi uku: ko ya biya daidai abin da aka zuba ya ci gaba, ko ya ƙara a kai, ko ya yar da kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. In an kai ƙarshe sai a buɗe, mai haɗi mafi ƙarfi ya kwashe. Amma ba lalle ne a kai ƙarshe ba. Mutum ya kan riƙe kartar banza ya zuba kuɗi mai yawa da gadara, har mai karta ta kirki ya tsorata ya janye. Irin wannan burga ba ta cikin coge a wurinsu, ita ce ma gishirin wasan. Ka ga ke nan wasan duka ya rataya a kan kartan nan biyu na rufe. Wanda ya ga na abokin karawarsa ya gama da shi.

A gasa kuwa kowa ya kan biya kuɗin shiga daidai da na kowa, a ba shi kwabban roba na wasa daidai da na kowa. Wanda nasa suka ƙare ya tashi. Haka za a yi ta yi har kwabban duka su taru gaban mutum ɗaya. Kuɗin shigan nan su a ke rarraba wa waɗanda suka fi daɗewa a zaune, bayan mai gida ya cire la'adarsa. Gasar da ta fi ko wace suna, Benny Binion ne ya kafa ta a gidan cacarsa na Las Begas cikin 1970. A shekarar farko 'yan wasan kaɗan ne, ƙuri'a ma suka jefa suka zaɓi Johnny Moss ya zama zakara. Daga 1972 aka tsai da kuɗin shiga babbar gasar dala 10,000.

Ran 1 ga Janairu 1998 wani kamfani mai suna Planet Poker ya buɗe tebur na farko a intanet inda a ke zuba kuɗi na gaske. Mutum yana ɗakinsa gaban kwamfuta, abokan wasansa suna waɗansu garuruwa, bai san fuskarsu ba, sai sunan da suka laƙaba wa kansu. Mai raba karta kuma kwamfutar kamfani ce. Tambayar farko da mutane suka yi ita ce, wa ya tabbata kwamfutan nan tana cuɗa karta sosai? Don a kwantar musu da hankali sai aka buga ƙa'idar cuɗawar a fili kowa ya karanta. Cikin 1999 waɗansu masana kwamfuta na Amurka suka karanta, suka ga ɓaraka. Hanyoyin da za a iya jera karta 52 yawansu ya wuce hankali, in za a rubuta adadin sai an jera lamba 68 a layi ɗaya. Ashe kwamfutar ba daga cikin wannan duka ta ke zaɓa ba. Agogonta ta ke duba, ta ƙirga lokacin da ya shuɗe tun tsakar dare, ko wane sakan ta raba shi dubu, ta gina cuɗawar a kan adadin da ta samu. A dare da yini irin wannan ɗan lokaci 86,400,000 ne kaɗai. Da masanan suka daidaita agogonsu da na kamfanin sai abin ya ragu zuwa wajen 200,000. Da zarar sun ga karta biyar, watau biyun hannunsu da ukun farko na tebur, sai kwamfutarsu ta gaya musu abin da ke hannun kowa da abin da zai fito gaba. Suka bayyana abin da suka gano, aka gyara. Wannan kuskure ne na rashin gwaninta, ba mugun nufi a ciki. Sai dai da ɓarawo ne ya riga su ganewa, ba mai jin labari.

Abin da ya cika gidajen nan da jama'a ya auku cikin 2003. Wani akanta na jihar Tenesi, ɗan shekara 27, sunansa Chris Moneymaker, ya biya dala 86 ya shiga wata 'yar gasa a gidan PokerStars. Sunan nasa da Turanci ma'anarsa mai yin kuɗi, kuma na gado ne, ba wanda ya laƙaba masa. Ya ci 'yar gasar, ya ci wadda ke gaba da ita, ladan kuwa kujera ce a babbar gasar Las Begas. Ya je ya zauna cikin mutum 839, ƙwararrun duniya duk suna nan, ya ga bayansu, ya koma gida da dala 2,500,000. Aka yi ta nuna shi a talabijin. Ko wane akawu da ko wane ɗan makaranta ya ce in wannan ya iya ni ma na iya. Cikin 2004 mutum 2,576 suka shiga gasar, cikin 2006 kuwa 8,773, ladan zakaran shekarar dala 12,000,000. Da yawa cikinsu ta intanet suka sami kujera.

In an tambayi 'yan wasan zamanin nan me ya sa suka amince da tebur wanda ba su gani, amsarsu ɗaya ce, wai mai gida ba shi da dalilin coge, gama ko wa ya ci la'adarsa tana nan, ba kuwa zai ɓata sunansa don kwabo ba. Magana ce mai ma'ana, amma ta manta abu guda. Kamfani taron ma'aikata ne, ko wane da aljihunsa. Mai tsaron ma'aikatan kuma ya yi nisa. Da ya ke Amurka ba ta ba gidajen nan izni ba, sai suka kafa ofisoshinsu a ƙasashen waje. Cikin Oktoba 2006 ma aka yi doka a Amurka wadda ta hana karɓar kuɗin cacar intanet da ba ta bisa izni. Waɗansu gidaje, kamar PartyPoker wanda ya fi kowa girma a lokacin, suka sallami Amurkawa. Waɗansu suka yi kunnen ƙashi. Cikin waɗannan akwai Absolute Poker, wanda ofishinsa ke ƙasar Kosta Rika, lasin ɗinsa kuwa daga hukumar caca ta Kahnawake, wani ɗan yanki na kabilar Mohawk kusa da birnin Montreal a Kanada.

Cikin Satumba 2007 aka yi wata gasa a Absolute Poker, kuɗin shiga dala 1,000. Wani mai kiran kansa POTRIPPER ya cinye ta, amma irin wasan da ya yi ya ba masu kallo mamaki. Kusan ko wace karta aka ba shi sai ya shiga da ita komi lalacewarta, abin da ya kan tsiyata mutum nan da nan. Shi kuwa sai ci. In abokin karawarsa yana da karta mai ƙarfi sai ya janye, in burga a ke yi masa sai ya ƙara kuɗi. A hannu na ƙarshe, da suka rage su biyu, wani saurayi Marco Johnson ya tura kwabbansa duka alhali ba shi da komi, mafi girman kartarsa tara ce. POTRIPPER shi ma ba shi da komi, mafi girman tasa goma ce, irin hannun da ba mai hankalin da zai biya da shi. Ya biya, ya ci.

Johnson ya rubuta wa kamfanin ya nemi a aiko masa da lissafin wasan. Ko wane hannu aka buga a intanet kwamfuta ta kan rubuta shi, al'ada kuma ita ce a aika wa mutum da abin da ya shafe shi kaɗai. Sai aka aiko masa, wai bisa kuskure, da babban littafin kamfani ɗungum, a ciki ga kartar kowa ta rufe, ga lambar da ko wace kwamfuta ta ke shiga intanet da ita, har ta 'yan kallo. Littafin ya shiga hannun waɗansu 'yan wasa masu kan lissafi, suka zauna suka bi shi layi layi kamar masu binciken baitulmali.

Ga abin da suka samu. Hannu biyu na farko POTRIPPER ya yar da kartarsa kamar kowa. Sa'an nan wani ɗan kallo mai lamba 363 ya zo, ya lizimci teburin da POTRIPPER ya ke har aka gama. Daga zuwansa wasan ya sake. Da aka shimfiɗa kartar kowa a fili aka dubi abin da POTRIPPER ya yi hannu hannu, sai aka ga wasa ne na mutumin da ba ya shakka. A kan karta ta ƙarshe, inda mai shakka ya kan biya don ya ga abin da ke hannun abokinsa, shi ko dai ya ƙara ko ya janye, gama wanda ya riga ya gani ba ya sayen gani. Lamba 363 kuma ƙarama ce ƙwarai a gidan da ke da mutane dubbai, alama ce an buɗe ta tun farkon kafa kamfanin. Da aka bi sawun kwamfutar ɗan kallon sai ya nufi Kosta Rika. Hausawa dai sun ce da ɗan gari a kan ci gari.

Kamfanin ya fara da musu, ya ce ya bincika bai ga komi ba, kuma ba yadda za a yi wani ya ga kartar wani. Cikin Oktoba, da hujja ta yi masa yawa, ya amsa cewa wani na cikin gida ya sami hanyar ganin kartar kowa. Cikin Janairu 2008 hukumar Kahnawake ta ci shi tarar dala 500,000, aka kuma mayar wa waɗanda aka cuta wajen dala 1,600,000. Abin da ya kamata a lura shi ne haɗama ce ta kama ɓarawon. Da ya yi wayo yana faɗuwa hannu ɗaya ɗaya da gangan, da Johnson bai nemi lissafi ba.

Ƙurar wannan ba ta lafa ba sai 'yan lissafin suka juya kan gidan UltimateBet, wanda mai shi ɗaya ne da Absolute Poker. A nan ba wanda ya aiko musu da littafi. Ko wane ɗan wasa ya fito da lissafin hannuwan da ya ajiye a kwamfutarsa, aka haɗa, aka auna cin wani mai suna NioNio da cin manyan gwanaye, aka nuna sa'a ba ta kai nan. Cikin Mayu 2008 kamfanin ya amsa. Ashe wannan ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, an yi wajen shekara huɗu ana yinsa, ɓarayin suna sauya suna kamar riga, har hukumar ta ƙirga sunaye 117. Ta ci kamfanin tarar dala 1,500,000, kuɗin da aka mayar kuwa ya haura dala 22,000,000. Cikin Satumba 2008 ta faɗi sunan wanda ta ce shi ne jigon abin, Russ Hamilton, zakaran babbar gasar Las Begas ta 1994, wanda a shekarar aka ba shi dala 1,000,000, aka kuma ɗora shi bisa ma'auni aka ba shi nauyinsa na azurfa. Ba a taɓa tsai da shi gaban alƙali a kan wannan magana ba. Cacar a intanet aka yi ta, ofis yana wata ƙasa, lasin daga wata, waɗanda aka cuta suna warwatse ko ina. Har wa yau kamfanin da ya ce shi ya mallaki gidajen biyu na wani tsohon shugaban Kahnawake ne, watau mai ba da lasin da mai karɓa 'yan gari ɗaya ne.

Cuta ta uku ba ta shafi karta ba, ma'aji ta shafa. Mai son wasa ya kan ajiye kuɗi a hannun kamfani, ya riƙa ganin adadinsu a fuskar kwamfutarsa, yana tsammani suna can cikin banki suna jiransa. Ran 15 ga Afrilu 2011 lauyoyin gwamnatin Amurka na birnin Niyu Yok suka rufe wa Amurkawa ƙofar PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, bisa tuhumar sun yaudari bankuna don su kewaye dokar 2006. Kowa ya tashi neman ajiyarsa a rana ɗaya. PokerStars, wanda lasin ɗinsa na tsibirin Man ne da ke tsakanin Ingila da Ailan, ya ware kuɗin 'yan wasa dabam da nasa, sai ya biya ba da daɗewa ba. Full Tilt ya kasa. Cikin Satumba lauyoyin suka gaya wa kotu cewa 'yan wasa suna bin gidan wajen dala 390,000,000, abin da ke cikin bankunansa kuwa wajen 60,000,000 ne, alhali tun daga 2007 masu gidan sun raba wa kansu fiye da 440,000,000. Wanda ya taɓa riƙon kuɗin jama'a ya san sunan wannan, an ci ajiya an bar littafi yana nuna tana nan. Cikin 2012 PokerStars ya shirya da gwamnati a kan dala 731,000,000, ya ɗauki Full Tilt da bashinsa. Amurkawan da suka ajiye kuɗi a Full Tilt sai 2014 aka fara biyansu, na Absolute Poker da UltimateBet kuwa sai 2017. Daga 2013 ne waɗansu jihohin Amurka, Nebada da Delawa da Niyu Jasi, suka fara ba da lasin da kansu, suka sa wa gidajen ido.

Su ma 'yan wasan ba su bar juna ba. Mutum biyu su kan zauna tebur ɗaya suna gaya wa juna kartarsu ta waya. Wani ya kan buɗe sunaye da yawa ya shiga gasa ɗaya da su, ya zama yana da rai biyar kowa yana da ɗaya. Wani kuma in ya kusa ƙarshen gasa sai ya tashi ya ba gwani kujerarsa. Cikin 2007 PokerStars ya ƙwace ladan zakaran babbar gasarsa ta shekara, fiye da dala 1,000,000, don ya gano mai sunan ba shi ya yi wasan ba. Irin wannan coge mai gida ya kan iya kama shi, don yana ganin kartar kowa bayan an gama, yana kuma ganin daga inda ko wace kwamfuta ta shigo.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne na baya bayan nan. An daɗe ana tsammani kwamfuta ba za ta iya foka ba, tun da wasa ne na burga da karanta zuciyar mutum. Cikin 2017 wata kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon mai suna Libratus ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh, kwana 20, hannu 120,000, ta cinye su. Cikin 2019 wata mai suna Pluribus ta ci ƙwararru a tebur na mutum shida. Tun kafin wannan ma an fara sayar da na'urorin lissafi masu gaya wa mutum abin da ya fi dacewa ya yi da ko wane hannu. Yin karatu da su kafin a zauna wasa ba laifi ba ne a dokar gidajen, duba su ana cikin wasa shi ne coge. To, wa zai ga mutumin da ya ajiye kwamfuta ta biyu a gefen ta farko cikin ɗakinsa? Ba abin da mai gida ya ke da shi sai lissafi, ya auna hannuwan mutum dubbai ya ga ko sun yi daidai da na na'ura fiye da yadda ɗan Adam ya ke iyawa. In ya yi shakkar mutum, wani lokaci ya kan sa shi ya yi wasa gaban kyamara a ga ko gwanintar tasa ce.

Cikin 2020, da annobar korona ta rufe gidajen caca, aka mai da gasar Las Begas cikin intanet. Babbar gasar da aka yi a gidan GGPoker, kuɗin shiga dala 5,000, an shiga ta sau 5,802, wani mutumin Bulgeriya, Stoyan Madanzhiev, ya ci ya ɗauki wajen dala 3,900,000. Cikin Satumba na shekarar gidan ya ba da sanarwa ya kori mutum 40 saboda duba na'ura ana cikin wasa, ya ƙwace fiye da dala 1,000,000 daga 13 cikinsu don a raba wa waɗanda suka cuta. Cikin 2007 'yan wasa ne suka riƙe littafin suka tuhumi mai gida. A wannan karo littafin yana hannun mai gida, shi ya yi tuhuma, shi ya yanke hukunci, bai kuwa buga sunayen waɗanda ya kora ba.